Mazarƙwailar Malam Isyaku

Shekara arba'in Malam Isyaku ya yi yana dillancin shanu a karar Wudil, kuma duk wanda ya san shi ya san abin da yake tinƙaho da shi. Cewa yake shi ba dabba yake kallo ba, mai dabbar yake kallo. Idan Bafulatani ya jawo bijimi ranar Juma'a ya tsaya yana sosa ƙeya, Malam Isyaku ya riga ya san ko matsuwa ce ta kawo shi, ko jin bakin kasuwa kawai ya zo yi. Idan mahauci ya taso daga Kano yana kushe sa, yana cewa ƙashi ne da fata, ya san bijimin ya shiga ransa. Shi kuwa nasa cikin, in ji shi, babu mahalukin da ya taɓa leƙa shi. Matarsa Safara'u kan ji wannan magana ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, ana ta zaɓe ɗaya bayan ɗaya, sai jiki ya fara yi masa gardama. Ƙishirwa ba dare ba rana, ga rama, ga kasala. Ɗansa Tasi'u, wanda ke koyarwa a firamare, ya matsa masa suka je asibiti. Likita ya duba ya ce ciwon suga ne, ya lissafa abin da zai bari. Kuskuren da aka yi shi ne Safara'u na zaune a wurin, ta kuma haddace jerin nan tsaf. Tun daga ranar shayi ya koma salam, fura ba zaƙi, rake kuwa ko ɓawonsa ba ya ƙetare zaure.

"Ƙasa za ta samu farar hula," haka yake ce wa abokan hirarsa a ƙofar gida, "ni kuwa yanzu aka yi mini juyin mulki. Dokar soja ce a cikin gidan nan, babu ɗaukaka ƙara."

Duk abin da aka hana shi bai dame shi ba kamar mazarƙwaila. Tun yana yaro a Ɗankaza, inda ake matsar rake kusa da gonar mahaifinsa, yake sonta. Wata Juma'a da aka tashi daga kara sai ya ratse wajen mai tebur, ya sayi ƙulli guda, ya jefa a aljihun babbar riga. Ya iso gida ya zauna a zaure, ya waiga dama ya waiga hagu, ya ɓalli kaɗan ya sa a baki. Yana lumshe ido kenan ya ji an ce, "Baba Tsoho, me kake ci?"

Murja ce, 'yar Tasi'u, shekararta uku da 'yan watanni. Tana tsaye a bakin ƙofa da takalmi wari ɗaya a hannu.

Malam Isyaku bai ruɗe ba, ai ya saba rufe bakin waɗanda suka fi ta. Ya yafito ta, ya ɓallo mata 'yar mitsitsiya, ya jira har ta narke a bakinta.

"Da daɗi ko, Hajiya?"

Ta gyaɗa kai.

"To wannan tsakanina da ke ne. Kar ki gaya wa Inna. Kin ji?"

"Na ji."

Ta juya ta shiga cikin gida da gudu. Bai gama naɗe takardar ba ya jiyo muryarta daga tsakar gida, tangaram kamar mai shela.

"Inna! Baba Tsoho ya ce kar in gaya miki mun sha abu mai zaƙi!"

Ranar nan Safara'u, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta caje aljihunsa kamar a shingen hanya. Da ya samu sarari ya kira yarinyar ya ce, "Ke, ba na ce kar ki faɗa ba?" Ta dube shi da idanu fes ta ce, "Ai na faɗa mata ka ce kar in faɗa." A ganinta saƙo aka ba ta, ta kuma isar da shi cikakke.

Tun daga nan ya fara lura da ita, abin da ya gani kuwa ya tayar masa da hankali. Idan suna wasan ɓuya da yaran maƙwabta, sai ta tsaya a tsakiyar gida ta kifa faifai a fuska, ciki da ƙafafu duk a waje, tana kiran a zo a neme ta. Idan ta je gidan kakanninta na wajen uwa a Dagumawa ta dawo, sai ta fara ba shi labari daga tsakiya: "Sai ya faɗa ciki." Ya ce wa ya faɗa, cikin me? Ta yi fushi ta ce, "Ai ka sani!" Shi da bai taka Dagumawa ba tun bara.

Da Tasi'u ya dawo ranar Asabar daga Kano, inda yake ƙarin karatu a kwalejin horar da malamai, uban ya tare shi a zaure.

"Kai, yarinyar nan taku lafiyarta ƙalau kuwa? Jinin dillali a ce ba ta iya riƙe magana daga zaure zuwa madafa?"

Tasi'u ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, wallahi abin da aka koya mana kenan makon jiya. Bari ka gani."

Ya ɗauko kwalin ashana, ya juye ashanar a aljihu, ya zuba ƙananan tsakuwa a ciki, sannan ya kira Murja. Ya nuna mata kwalin a rufe.

"Mene ne a ciki?"

"Ashana."

Ya buɗe. Ta leƙa, ta yi dariya, ta ce tsakuwa ce. Ya mayar ya rufe.

"To Inna tana cikin gida, ba ta ga abin da muka gani ba. Idan ta fito muka nuna mata kwalin nan, me za ta ce yana ciki?"

"Tsakuwa."

"Ke da farko, kafin in buɗe, me kika ce?"

"Tsakuwa," in ji Murja, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Malam Isyaku ya tafa hannu. "Ka ji ta! Ga ƙarya nan ta iya, yanzun nan ta ce ashana."

"Ba ƙarya take ba, Baba. Ita a wurinta abin da ke kanta shi ne ke kan kowa. Ba ta gane ba tukuna cewa wani zai iya zama da abu a ransa wanda ba haka yake ba, har ita kanta ɗazu. Wanda bai san ana iya rashin sani ba, me zai ɓoye? Malaminmu ya ce yawanci sai wajen shekara huɗu abin yake zuwa musu."

Safara'u ta fito da ƙwaryar fura daidai lokacin, ta ji ƙarshen maganar. Ta dire ƙwaryar ta ce, "Wannan ne ya sa kake hawa mota zuwa Kano duk mako? Da ka tambaye ni na gaya maka kyauta. Ba ta yi wayo ba tukuna, shi ke nan. Kai sai da ka kusa biyar kana zuwa kana ce mini ba kai ka sha nonon da ke haɓarka ba."

"Akwai waɗanda har furfura ba ya zuwa musu," in ji Malam Isyaku. "Ina ganinsu a kara duk Juma'a."

Amma maganar ta zauna masa. Idan abu ne da ke zuwa, to ana iya yi masa hanya ya zo da wuri, kamar yadda ake koya wa ɗan maraƙi bin igiya. Sai ya buɗe makaranta a zaure. Bayan la'asar yakan ɗauki ƙwayar gyaɗa ya kai hannu baya, ya fito da dunƙule biyu, ya ce ta zaɓa. Wannan ya yi mata daɗi. Matsalar sai in aka ce ita ta ɓoye. Ranar farko ta miƙo hannu ɗaya tak, ɗayan yana sosa kai. Da ya ce biyu ake miƙowa, ta miƙo biyu, ɗaya a dunƙule ɗaya a buɗe. Da ya koya mata dunƙule duka biyun, ta dunƙule, ta ɗaga na dama ta ce, "Wannan za ka zaɓa, a nan take." Idan ya yi gangancin zaɓar wanda ba komai don ya ƙarfafa mata gwiwa, sai ta ɓata fuska, ta ce bai iya ba.

Bayan mako uku ya rufe makarantar. Ya ce wa Tasi'u, "Wannan ko limamiya za ta zama ban sani ba, amma kasuwa ba tata ba ce."

Aka rantsar da sabuwar gwamnati, damina ta zo ta wuce, aka yi kaka. Murja ta cika huɗu har ta ɗora watanni. Malam Isyaku ya saba da shayi salam, ko dai ya daina ƙorafi da ƙarfi.

Wata Laraba da hantsi, lokacin da aka fara matsar rake, sai ga Bilya, yaron unguwa da ya ci kansila, ya zo gaida dattawa. Ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da aiki da jama'a. Da zai tafi ya ajiye ƙunshi a gefen tabarma, ya ce ga ɗan abin taɓawa, ya tuna tun suna yara Baba na son ta. Bilya bai san da zancen likita ba, Malam Isyaku kuwa bai ga dalilin ɗora wa mai mulki damuwar da ba tasa ba. Ya sa masa albarka har bakin ƙofa.

Mazarƙwaila ce curi uku manya, an naɗe kowanne a takardar siminti. A kusurwar zauren akwai wani tsohon tulu mai tsaguwa da ake zuba igiyoyin shanu a ciki. Ya ɗaga igiyoyin, ya jera curin a ƙasa, ya mayar ya rufe. Yana ɗagowa suka yi ido huɗu da Murja. Tana zaune a bayan ƙofa da 'yartsanarta ta kara, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Bai ce mata komai ba. Ya san amfanin magana da ita. Ya koma kan tabarma ya zauna yana jiran shela.

Shiru. Aka yi azahar, aka ci abinci, Safara'u ta kawo masa ruwa ta koma ba ta ce komai ba. Washegari ma haka. Rana ta uku, da ya ga yarinyar ta wuce ta gaban tulun ko kallonsa ba ta yi ba, sai ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji. Ashe karatunsa bai faɗi ƙasa banza ba. Ya so ya ba Tasi'u labari, sai ya tuna labarin ba ya bayuwa.

Murna ta sa ya saki jiki. Curi ɗaya ya tafi a kwana biyu, na biyu ya bi shi. Ranar Talata yana alwalar la'asar sai ya ga tsakar gida na juyawa, ya dafa bango, bangon ma ya ƙi tsayawa. Abin da ya iya tunawa kawai shi ne muryar Safara'u tana salati, da Sakina matar Tasi'u tana kiran maƙwabta a nemo mota.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. Likita ya tambaye shi ko ya ci wani abu, ya ce shi dai abin da aka ba shi a gida yake ci, Safara'u kuma ta shaida da gaskiyarta, har tana cewa ko tuwon ne za a rage. Wannan ya ɗan sosa masa rai, amma bai kai ya buɗe baki ba.

Da aka sallamo shi ya yi wa kansa alkawari ya tuba. Sai dai ya ga bai kamata a bar curi na uku ya lalace a tulu ba, almubazzaranci ne. Zai fito da shi ya bayar sadaka, in ya so ya ɗan ɗanɗana gefe don ya tabbatar bai ba mutane abin da ya lalace ba. Da hantsi, gida ya yi shiru, ya ɗaga igiyoyin. Ƙunshin na nan yadda ya bar shi, da nauyinsa. Ya zauna ya warware takardar.

Dutse ne. Guntun dutsen murhu, baƙi ƙirin da hayaƙi, an naɗe shi an karkace bakin takardar.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ransa ya ɓaci. A ɗauke masa abu ya yarda, doka ce. Amma a naɗe masa dutse, shi Isyaku, kamar wani baƙon kasuwa? Wannan aikin mutum ɗaya ne a gidan nan. Ya miƙe da dutsen a hannu ya shiga cikin gida. Safara'u na bakin murhu, Sakina na wanki, Tasi'u na gyaran keke.

"Ke, in kin ga abu ki ɗauka, ki zo ki yi faɗanki mu rabu. Mene ne na naɗe mini dutse?"

Safara'u ta ɗago. "Wane dutse, Malam?"

"Kar ki mayar da ni yaro. Mazarƙwailar da ke cikin tulu."

"Wace mazarƙwaila?"

"Wadda Bilya ya kawo mana! Curi ukun nan, da na sha biyu..."

A nan ya tsaya. Shekara arba'in yana karanta fuskoki, kuma fuskar da ke gabansa ta mutumin da bai san komai ba ce, yanzu yake ji. Ya ga lokacin da labarin ya shiga, ya ga lokacin da ya zauna. Safara'u ta ajiye muciya a hankali.

"Curi biyu," ta ce. "Ni ina asibiti ina rantse wa likita. Har ina cewa a rage maka tuwo."

Tasi'u ya sunkuyar da kai cikin ƙafar keke, kafaɗunsa na rawa. Sakina ta ja mayafi ta rufe baki.

Faɗan da ta yi masa ba gajere ba ne. Sai da ta numfasa Tasi'u ya share hawayen dariya ya ce, "To in ba Inna ba ce, wa ya sa dutsen?"

Duk suka waiga. Murja na zaune a gindin turmi tana ɗaura wa 'yartsana zane, ta ba su baya, ta duƙufa kamar ba a duniyar take ba.

"Murja," in ji Tasi'u, "wa ya ɗauki abin Baba Tsoho a tulu?"

"Akuya ce."

"Akuya ce ta naɗe dutse a takarda?"

Ta ɗan yi tunani. "Babbar akuya ce."

Sakina ta tsame hannu daga ruwan wanki. "Ƙarya? A gaban babanki? Zo nan!"

"Kar ki taɓa ta," in ji Malam Isyaku. Ya tsuguna da ƙyar a gaban yarinyar, gwiwoyi na ƙara. "Hajiya, ba wanda zai dake ki. Gaya mini. Me ya sa kika sa dutse?"

Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta sake dubansa.

"In ka ga babu, za ka sayo wata. In ka ga tana nan, za ka ce tana nan."

"To me ya sa kika ɗauke?"

"In ka sha sai ka faɗi. Sai Inna ta yi ta kuka a bayan ɗaki, tana cewa hayaƙi ne."

Safara'u ta juya ta kama gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Malam Isyaku ya bi ta da kallo. Shi bai san ta yi kuka ba. A asibiti faɗa kawai ta yi ta yi masa a kan ya ƙi shan magani.

Tasi'u ya dubi Murja. "To ina mazarƙwailar take yanzu?"

Murja ta kai su bayan akurkin kaji, ta nuna wata tsohuwar langa a kife. Aka ɗaga. Curin na nan, tururuwa sun yi masa baƙi, amma ko rabi bai kai ba, kuma a gefensa akwai sawun ƙananan haƙora a jere.

"Wannan kuma fa?" in ji Sakina.

"Tururuwa ce," in ji Murja.

Safara'u ce ta fara fashewa da dariya, har ta zauna a kan turmi. Sakina ta ce ita ba ta ga abin dariya ba, yarinya ta fara ƙarya a bar ta? Tasi'u ya ce zai zauna da ita ya nuna mata bambancin gaskiya da ƙarya, amma a yi masa uzuri yau, don sai ya rubuta wannan ya kai wa malaminsu. Safara'u ta ce ya rubuta har da na ubansa.

Aka jefa wa awaki ragowar. Tulun kuwa Safara'u ta sa aka shigo da shi cikin gida, igiyoyin shanu suka koma kan ƙusa.

Da yamma Malam Isyaku na zaune a zaure, aka aiko Murja da kofin shayinsa, tana tafe a hankali da hannu biyu kar ya zube. Ya karɓa ya kurɓa. Ganyen ya dahu har ya yi ɗaci, ko ƙamshin sukari babu. Ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Da daɗi?"

"Da daɗi sosai," ya ce, ya gyara fuska irin ta ranar kasuwa.

Ta ƙura masa ido, ta karkata kai gefe.

"Ƙarya kake, Baba Tsoho."

Ta zauna kusa da shi a kan tabarma, ta ce ba za ta tashi ba sai ya shanye, Inna ta ce a dawo da kofi.